Aku da Ɗan Sarki: Hannun Marubuci da 'Yancin Mai Wasa Cikin Wasannin Bidiyo

Wasan bidiyo, wanda yara su ke kira gem, ya shigo ƙasar Hausa bai yi sallama da malaman adabi ba. Ya fara sauka a birane, cikin shagunan da a ke biyan kuɗi a zauna gaban talabijin a buga ƙwallon ƙafa da yatsu, daga bisani wayar hannu ta goya shi ta kai shi ƙauye. Yau saurayi a Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, in ya karɓo wayarsa daga wurin mai caji, yana iya zama gindin bedi ya shiga wani birni na Amurka, ya ƙwace mota, 'yan sanda su dafa masa baya, duk kafin a kira la'asar. An daɗe ana magana a kan ɓarnar lokaci da ɓarnar tarbiyya da ke cikin wannan abu, magana ce kuwa mai tushe, amma ba ita ce ta wannan takarda ba. Abin nufi a nan shi ne a ɗora wasan bisa ma'aunin da a ke ɗora ƙagaggen labari, tun da ya ke masu yinsa sun ce labari su ke bayarwa, suna kuma ɗaukar marubuta aiki suna biyansu.

Da an ɗora shi sai wata matsala ta taso wadda littafi bai san ta ba. Mai karanta Ruwan Bagaja ba shi da ikon hana Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe ƙeta. Iyakarsa ya yi dariya, ko ya rufe littafin. Dara kuwa akasin haka ce. Ga ramuka 30, ga 'ya'ya 12 hannun kowane ɗan wasa, ga doka ƙayyadaddiya, amma babu mahalukin da ya rubuta wanda zai ci. Wasan bidiyo mai labari so ya ke ya haɗa biyun, ya zama littafi, ya kuma zama dara. Marubuci yana so a bi shi daga farko har ƙarshen da ya shirya, mai wasa kuwa an danƙa masa linzami an ce ya nufi inda ya ga dama. Doki ɗaya ke nan da mahaya biyu. Tambayar da ta kamaci mai nazari ita ce, in sun saɓa wa a ke bi, in kuma an yi ɓarna a hanya wuyan wa ta ke hawa.

Adabin Hausa yana da misalin wannan ja-in-ja tun kafin a ƙera kwamfuta. A cikin littafin farko na Magana Jari Ce, wanda aka buga a 1937, Alhaji Abubakar Imam ya ajiye Musa ɗan Sarki Abdurrahman a gida, uban ya tafi yaƙi, Waziri kuwa ya ƙulla makircin da zai sa yaron ya fita ya halaka. Kowane dare Musa ya kan yi shirin fita, ya zo wurin aku, aku ya ɗauko labari, kafin a ƙare gari ya waye. Watau labaran nan duka takunkumi ne, an yi su ne don a tsare mutum mai son fita. Masana sun nuna cewa wannan tsari ya samo asali daga labaran aku na ƙasar Hindu da Farisa. A cikin na Farisa, Tuti-nama, wanda Nakhshabi ya rubuta a 1330, tsuntsaye biyu ne a gidan. Na farkon ya tare uwargida da nasiha tsirara, ya ce kada ta fita, ta kashe shi nan take. Na biyun bai hana ta ba, sai ya ce ta tafi, amma ta tsaya ta ji wani labari tukuna, shi ne ya tsira, ya kuma tsare ta a gida. Duk marubucin wasan bidiyo ɗaya ne daga cikin tsuntsayen nan biyu. Akwai mai gina bango ya ce nan ba a wucewa, akwai mai barin ƙofa buɗe ya sa mutum ya zaɓi zama da kansa. Bambancin da ke akwai shi ne, Musa na Imam bai iya ƙin sauraro, domin shi ma alƙalami ne ya yi shi. Musan wasan bidiyo kuwa mutum ne mai rai, yana iya latsa maɓalli ya tsallake aku tun bai gama buɗe baki ba.

Wanda ya raɗa wa matsalar suna a wurin Turawa shi ne Clint Hocking, wani mai tsara wasanni ɗan Kanada, a watan Oktoba na 2007. Ya kira ta da wata doguwar kalma wadda ma'anarta ita ce saɓanin wasa da labari. Wasan da ya sa a gaba shi ne BioShock, wanda ya fito a wannan shekara. A cikinsa mai wasa yana yawo a wani birni da aka gina ƙarƙashin teku, ana ba shi zaɓi a kan wasu 'yan yara mata, ko ya cece su ko ya halaka su ya ƙara ƙarfi, amma a babban labarin ba shi da zaɓi, sai ya bi umurnin wata murya da ke masa magana ta rediyo. A tsakiyar wasan sai a bayyana cewa gwarzon labarin bawa ne tun asali, an horar da shi ya bi duk umurnin da aka haɗa da wata kalma. Mutane da yawa sun yaba wannan dabara. Hocking ya ce a'a, an toshe wa mutum kowace hanya sai guda, ya bi ta don ya yarda da sharaɗin wasan, sa'an nan an juyo ana yi masa ba'a don ya bi. Ƙorafin yana da ƙarfi. Bahaushe ya san irinsa, shi ne a ɗaure mutum tamau a ce me ya hana shi gudu.

To, amma BioShock ba shi ne a hannun samarin ƙasar Katsina ba. Wanda ya fi dacewa a fara da shi shi ne Grand Theft Auto: San Andreas, na kamfanin Rockstar, wanda ya fito a kan PlayStation 2 a watan Oktoba na 2004, aka kuma sa shi a wayar hannu a watan Disamba na 2013. Labarinsa, wanda Dan Houser da abokan aikinsa su ka rubuta, na wani baƙar fata ne, Carl Johnson, da a ke kira CJ. A 1992 ya komo birnin Los Santos, wanda aka kwaikwayo daga Los Anjeles, bayan shekara 5 ba ya nan, sabo da an kashe mahaifiyarsa. Tun bai isa gida ba wani azzalumin ɗan sanda, Tenpenny, ya tare shi, ya ce in bai yi masa aiki ba zai ɗora masa kisan wani ɗan sanda wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A kan wannan barazana aka kafa ginin duka. Ita ce ta mai da CJ ɗan aiken mutumin da ya tsana, ita ce kuma ta sa mai kallo ya tausaya masa.

Sai dai da zarar guntun majigin nan ya ƙare an mai da linzami hannun mai wasa, ginin ya kan fara zuba. Mai wasa yana iya fita titi ya harbe 'yan sanda ashirin ido na ganin ido, ya shiga garejin fenti ya biya dala 100 a sāke wa motarsa launi, shi ke nan magana ta mutu. In an kama shi ma, iyaka a karɓe makamansa da 'yan kuɗi a sake shi bakin ofishin 'yan sanda. Sa'an nan ya koma wurin aike na gaba, majigi ya buɗe, ga CJ yana rawar jiki don tsoron a ɗora masa kisan mutum ɗaya. Mutum biyu ne ke sanye da riga ɗaya, na marubuci mai tsoron shari'a, da na mai wasa wanda shari'a ba ta da ƙwaƙwalwar tuna shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai wuraren da marubuci ya ke tilasta mugun aiki. A birni na biyu, San Fierro, akwai aiken da CJ zai tura wani shugaban leburori cikin rami yana ɓoye a makewayi, ya zuba masa siminti da ransa, don kawai leburorinsa sun yi wa ƙanwar CJ maganar banza. Mai wasan da zuciyarsa ta ƙi wannan ba shi da mafita; in bai yi ba labari ya tsaya cik. A waje an ba shi 'yancin da ba hisabi, a ciki an hana shi ko da 'yancin ƙin yi.

Ba za a ƙi faɗin inda wasan ya yi gwaninta ba, wuri ɗaya ne, amma ya isa darasi. A kashin farko na labarin ana barin mai wasa ya yi ta yaƙin unguwanni, yana ƙwato su ɗaya bayan ɗaya daga abokan gāba, taswira tana rinewa da koren launin ƙungiyarsa. Aiki ne na sa'o'i, da guminsa ya yi shi, ba wanda ya tilasta masa yawansa. Rannan sai aminansa biyu, Big Smoke da Ryder, su ci amanarsa, a kama wansa, Tenpenny ya kwashe shi ya yar a wani ƙauye bayan gari, ba makami, unguwannin nan kuma duk sun suɓuce. A nan marubuci da mai wasa sun haɗu. Baƙin cikin da aka rubuta wa CJ shi ne ainihin wanda ke cikin mai riƙe da waya, domin abin da aka ƙwace nasa ne. Ba a bukaci dogon jawabi ba. Wannan aikin tsuntsu na biyu ne.

Akwai wani abu kuma da masu nazarin Turai ba su cika lura da shi ba, domin bai shafe su ba. Maganar da a ke yi cikin San Andreas Turancin 'yan unguwa ne na baƙaƙen Amurka, mai sauri, cike da zaurance, wanda ko malamin Turanci sai ya kasa kunne sosai. Ɗalibin da ya tashi Tsaskiya ko Batsari, in ya zo wurin majigi, abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne ya tsallake. Ashe ke nan kalmomin Houser, da kwaikwayon tarzomar Los Anjeles ta 1992 da ya rufe labarin da ita, da habaicin da ya ke yi wa Amurka ta gidajen rediyon cikin wasan, duk sun tsaya bakin teku. Abin da ya ƙetaro shi ne taswira da doka: me a ke iya yi, me ba a iyawa, me ke biyo baya. A watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina sabo da 'yan bindiga, har da Safana da Batsari, wasannin da ke bukatar intanet irin su PUBG Mobile da Free Fire sun mutu a wuraren nan har tsawon watanni, irin San Andreas kuwa, da ba ya bukatar layi in an riga an zuba shi, bai san an yi ba. Sabo da haka mai nazarin Hausa ba zai tsaya ga abin da 'yan wasan ciki su ke faɗa ba. Dokar wasan ita ce rubutun da ke isowa, ita ya kamata a karanta kamar yadda a ke karanta jimla. Wasan da ya ce fentin dala 100 yana wanke jini ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kan ran ɗan Adam, ko da marubucinsa ya rubuta wa'azi shafi dubu.

Da wannan ma'auni za a duba amsar da Hocking ya bayar da kansa. Shekara guda bayan sukar da ya yi, a watan Oktoba na 2008, kamfanin Ubisoft ya fitar da Far Cry 2, shi ne kuwa shugaban tsara shi. Ba wasan waya ba ne, na kwamfuta ne da PlayStation 3 da Xbox 360, don haka bai yaɗu a karkara ba. Abin da ya sa ya cancanci dogon zama shi ne ƙasar da aka kafa shi: wata ƙasa ta Afirka da ba a ambaci sunanta ba, mai faɗin murabba'in kilomita 50, gwamnati ta rushe, ƙungiyoyi biyu suna yaƙi. Mai wasa sojan haya ne da aka turo ya kashe dillalin makaman da ke sayar wa ɓangarorin biyu, wanda a ke kira Jackal, watau Dila. Mai karatun Hausa zai yi murmushi, domin dila malamin daji ne a tatsuniya, wannan ma kuwa ba ya bayyana sai da huɗuba a bakinsa.

Hocking ya rage majigi, ya zuba labarin cikin doka, ya kuwa yi abin da ba a saba gani ba. Tun farkon wasa zazzaɓin cizon sauro ya kama gwarzon, ya kan tasar masa ba zato ko da tsakiyar faɗa, ido ya yi duhu, sai ya haɗiyi ƙwaya, ƙwayar kuma tana ƙarewa. Bindigar da aka tsinta a ƙasa tana da tsatsa, ta kan cije daidai lokacin da a ke bukatarta. Mota ta kan mutu sai an fita an buɗe gaba an gyara. In harsashi ya shiga jiki, da awartaki a ke ciro shi. In aka kunna wuta a busasshiyar ciyawa iska ce ke da ita, tana iya cin abokan gāba, tana iya juyowa ta ci mai kunnawa. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar daji da rani, ko ya kwana da masassara asibiti na nesa, zai shaida cewa an yi waɗannan da lura. Amfaninsu ga labari shi ne, ba a rubuta abin da zai faru ba, an rubuta sabuban faruwarsa ne. Mutum ya shirya dabararsa tsaf, ya laɓe bisa tudu, bindiga ta cije, wuta ta juyo, ya gudu da ƙyar. Wannan labari nasa ne shi kaɗai, amma ma'anarsa, watau cewa mai makami ba shi ne mai iko da sakamako ba, ta marubuci ce. Nan mahayan nan biyu sun daidaita fiye da ko'ina.

Duk da haka wasan yana da aibi babba, irin wanda mutumin Montiriyal zai iya wucewa bai gani ba, mutumin Safana kuwa ba zai iya ba. A cikin dajin nan mai faɗi babu talaka. Akwai jakunan dawa da ɓauna da barewa, akwai bukkoki da kwale-kwale, akwai ma ƙauye irin ginin Dogon na ƙasar Mali an dasa shi kusa da ciyayin da aka kwaikwayo daga Kenya, kamar dai Afirka duka unguwa ɗaya ce. Amma babu manomi a gona, babu mace a rijiya, babu yaro bayan awaki. Farar hula ana hango su a tafiyar motar da ta buɗe wasan, ana samun 'yan kaɗan ɓoye a ɗakunan da a ke karɓar maganin zazzaɓi, sai kuma ayarin 'yan gudun hijira a ƙarshe. In ban da 'yan wuraren da aka tsagaita wuta, duk wanda mai wasa ya gamu da shi a hanya ɗan bindiga ne, kuma harbi zai yi. Ana iya kāre wannan da cewa in an sa talakawa mai wasa zai harbe su, kamfani kuwa ba ya son a ga haka. Amma sakamakon shi ne an tsarkake 'yancin mai bindiga ta hanyar kwashe waɗanda 'yancin ke faɗa wa. Ana aiken mai wasa ya fasa bututun ruwa, a biya shi da lu'ulu'u, Dila ya yi masa huɗuba cewa shi ma cuta ne a ƙasar, amma ba zai taɓa wucewa ta garin da ƙishirwa ta kama ba. An faɗa masa laifinsa da baki, doka kuwa ta ɓoye masa shi.

Ƙasar Safana da Batsari tana gefen dajin Rugu. Ƙasar Ruma ce da maƙwabtanta, bakin iyaka tun ƙarni na 19, inda har yau a ke ambaton mayaƙa irin su Ɗanwaire. Mutanenta sun san mutum mai bindiga da ke ratsa daji yadda ya ga dama, ya tare hanya, ya cinna wuta, ba daga allo su ka san shi ba. A watan Fabrairu na 2020 an kai hari Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30 bisa ga ƙidayar 'yan sanda, aka ƙone gidaje. Ɗalibin da ya fito daga wannan yanki in ya zauna gaban Far Cry 2, an ba shi matsayin wanda ya ke gudu daga gare shi, an kuma share irinsa daga taswira. Chinua Achebe, a laccar da ya yi a Amherst ta Amurka a 1975, ya soki Heart of Darkness na Joseph Conrad da cewa ya mai da Afirka dandalin da Bature zai zo ya gwada lafiyar ransa, mutanenta kuwa kayan ado. Far Cry 2 bai ɓoye cewa daga Conrad ya sha ba, har ya raɗa wa yankinsa na ƙarshe sunan littafin, ya kuwa gāji aibin tare da gādon. Ƙarshensa ma zaɓi ne na jeka-na-yi-ka. Ko mai wasa ya tayar da nakiya da batirin mota ya toshe hanyar masu bin 'yan gudun hijira ya mutu a wurin, ko ya kai lu'ulu'u ga masu tsaron iyaka su bar su su wuce, sa'an nan ya harbe kansa. Kowace ya ɗauka, baƙo ne ya fanshi mutanen da bai taɓa sanin sunan ɗayansu ba, kuma an kulle shi cikin abin da Hocking ya zargi BioShock da shi.

An yi ƙoƙarin juya madubin. A 2014 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Folan, 11 bit studios, ya fitar da This War of Mine, aka sa shi a waya a 2015. An ɗauko shi daga ƙawanyar da aka yi wa Sarayebo ta Bosniya daga 1992 zuwa 1996. Mai wasa yana riƙe da 'yan farar hula kaɗan a wani rusasshen gida. Da rana ba a fita sabo da maharba, sai a gyara murhu, a tace ruwan sama, a yi jinyar mara lafiya. Da dare mutum ɗaya ya fita neman abinci da magani, jakarsa kuwa ba ta ɗaukar komai da komai. 'Yancin da ke nan ƙanƙane ne in an gwada da na San Andreas, amma kowane zaɓi yana da nauyi. Akwai gidan wasu tsofaffi biyu, mata da miji, ba su da makami, suna da abinci da magani. Ba abin da ya hana mai wasa ya kwashe, ba kuma wanda ya ce ya kwashe. In ya kwashe, tsohon ya bi shi yana roƙo, in ya komo gida waɗanda ya ciyar su shiga baƙin ciki, wani ya kasa aiki, wani ma ya kai ga halaka kansa in abin ya yi yawa. Laifin ya hau wuyan mai wasa da gaskiya, domin ƙofa ta biyu a buɗe ta ke. A 2020 gwamnatin Folan ta ba da sanarwar sa wasan cikin jerin abubuwan da ɗaliban manyan makarantun sakandare za su iya nazari tare da littattafai, abin da ya kamata malaman kwalejojin horon malamai, irin ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, su san da shi.

Shi ma ba a rasa abin cewa a kansa ba. Baƙin cikin mutanensa yana hawa yana sauka kamar awo a sikeli, har mai wasan da ya ƙware ya kan gane cewa taba sigari ko ɗan kiɗa na iya goge sata, sai lissafi ya maye gurbin kunya. Sa'an nan mutanen gidan tsintattsu ne da yaƙi ya haɗa, kowa da ransa. Mutumin Tsaskiya ba haka ya ke yanke shawara ba. In damina ta faɗi ana tsoron daji, maganar ko a je gona mai nisa ko a bar ta ta kwana saura ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai maigida da ƙannensa da ke gandu ɗaya, akwai mai unguwa, akwai liman, akwai surukin da ya ba da aron iri, akwai kuma tsohuwar da ta ce ita ba ta barin garin da aka binne mijinta. Wasannin da aka duba a nan duka an gina su bisa mutum ɗaya mai hannu ɗaya a kan maɓalli, shi ke so, shi ke yi. Tatsuniyoyin nan masu ƙarewa da tambaya, inda mai bayarwa ya kan tsaya ya ce a cikin mutum uku wa ya fi, ya bar zaure ya kaure da gardama, irin waɗanda William Bascom ya tattara daga ƙasashen Afirka ya buga a 1975, sun ba masu sauraro hukunci a matsayin jama'a, marubuci ko mai bayarwa bai kuwa rasa ko ɗaya daga cikin ikonsa a kan abin da ya faru ba. Malamin da ke koyar da adabin baka yana iya ajiye ɗaya daga cikinsu kusa da labarin tsofaffin nan biyu na This War of Mine, ya sa ɗalibai su faɗi inda aka miƙa musu hukunci a kowanne, da wanda aka ce ya ɗauki alhakin.